Sunan da Ɗantala Ya Raɗa wa Goggo Tabawa

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Ba ta gizo ba ce, ta waya ce, kuma in na kai ƙarshe akwai shari'a a wuyanku.

"Ni ne lambar sirrin garin nan!" Haka Ɗantala yake faɗa kullum, yana dukan ƙirji, a rumfarsa ta cajin waya da ke bakin kasuwar Musawa. "Kada wanda ya wahalar da kansa da haddar lamba. Duk wanda na saita wa waya yana cikin kan nan, shi da sunansa da na kakansa. In wayarka ta faɗa wuta, zo wurin Ɗantala. Kafin shayinka ya huce na dawo maka da komai."

Mutane kuwa suka yarda, don mutum ne mai daɗin baki, ga barkwanci. Ba ka zama rumfarsa ka tashi ba ka yi dariya ba, ko da kai ake yi wa.

A lokacin akwai wata manhaja da ta shigo gari, ana ce mata Rumbu. Wasu matasa ne a Kano suka haɗa ta. Aikinta ajiyar murya. Ka ɗauki maganar tsohonka, ko karatun ɗanka, ko waƙar niƙa ta kakarka, sai ta adana maka can wurinsu. Kaɗan kyauta ne. In kana son rumbu babba sai ka ci karo da katanga, an rubuta a jikinta: biya ka wuce. In ka biya, ƙofa ta buɗe maka har shekara.

To amma ƙofa ba ta buɗe wa wanda ba ta sani ba. Shi ya sa ranar farko Rumbu kan ba mutum zaɓi. Ko dai ya yi rajista da lambar wayarsa, ya jira saƙo ya shigo, ya zaɓi lambar sirri, yadda a kowace waya ya je za a gane shi. Ko kuma ya shiga a matsayin baƙo. Shi baƙo, wata ɓoyayyiyar lamba ake liƙa wa wayarsa. Wayar aka sani, ba shi ba. Ranar da wayar ta mutu, shi ke nan, an daina ganin fuskarsa.

Ɗantala ba ya son jira, sabis ɗin Musawa kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Saboda haka duk wanda ya kawo waya, baƙo yake danna masa. Kuɗin shekara a hannu ake ba shi, shi ya tura daga asusunsa. Sai kuma wani ɗan gurbi da manhajar ke tambaya: wa za mu kira ka? Nan fa shaiɗancin Ɗantala yake. Bai taɓa rubuta sunan yanka ba. Sai ya dubi mutum sama da ƙasa, ya raɗa masa suna daidai da halinsa, ya rubuta, ya miƙa masa waya yana cewa, "An gama, ranka ya daɗe." Sunan yana can ƙuryar manhajar, a wani shafi da ba mai leƙawa. Shi kaɗai yake shan dariyarsa.

Cikin waɗanda ya saita wa har da Goggo Tabawa, matar marigayi Sarkin Maƙera. Tsohuwa ce mai kirki, amma in ta buɗe baki sai dai kai ka gaji ka tafi. Lokacin da mijinta yake kwance ciwon ajali, ɗansu Gambo ya kawo wayarta aka saka Rumbu. Tsohon ya yi ta magana ana ɗauka: kirarin gidansu tun daga kakanni, yadda ake gane ƙarfe ya nuna a wuta, da 'yar hirarsu ta tsakar gida. Bayan rasuwarsa, kowace safiya Goggo kan jingina wayar jikin murhu, tana dama koko yana magana, tana ba shi amsa, wani lokaci har da gardama.

Ran nan tana bakin rijiya, tana ba maƙwabciya labari da hannu bibbiyu, wayar ta sulale daga ƙugun zane. Sai ji suka yi tsulum.

Gambo ya sayo sabuwa, suka nufi rumfar Ɗantala shi da uwar. Ɗantala ya gyara hula ya ce, "Goggo, zauna ki ga aiki. Ai kin zo gidan magani." Ya sauke Rumbu, ya buɗe. Manhajar ta ce: sannu da zuwa, baƙo. Ga katanga a tsaye.

"Biya ce matsalar," in ji Ɗantala.

Gambo ya biya. Ƙofa ta buɗe. Rumbu wayam, ko ɓera babu.

Ɗantala ya juya wayar, ya kashe, ya kunna, ya ɗaga ta sama wai sabis. Ya ce a dawo gobe. Gobe ta koma jibi, jibi ta koma kasuwa mai zuwa. Shayin da ya ce ba zai huce ba, har damina ta faɗi ta same shi. Goggo ta daina zuwa rumfar, ta daina hira a bakin rijiya. Wanda ya san ta ya san shirunta ba ƙaramin abu ba ne. Abu ɗaya kawai ta faɗa wa Gambo, shi kuma ya zo ya maimaita a gaban Ɗantala: "Sau biyu ke nan ya mutu mini."

Maganar nan ta dami Ɗantala, don shi shaƙiyyi ne, ba mugu ba. Ya zaga bayan rumfa inda ba mai gani, ya lalubo lambar masu Rumbu, ya kira. Daga nan mutum uku suka shigo labarin nan. Ku riƙe su da kyau, a kansu za ku yi hukunci.

Ta farko ita ce Larai, wadda ke amsa kiran masu ƙorafi. Ɗantala ya fara yi mata kwana-kwana, wai manhajarsu ce ba ta da kan gado. Ta bar shi ya gama, ta ce a ba ta mai wayar. Aka kai wa Goggo har gida.

"Mama, wane suna ne a kan rumbun?" in ji Larai.

"Muryar mai gidan ce a ciki, 'yar nan."

"Ya sunansa?"

Goggo ta ce, "Shi dai. Malam."

Da wata ce da tuni ta ƙosa. Larai kuwa ta gane tsohuwar ba za ta kama sunan miji ba ko da za a yanka ta, domin ita ma haka kakarta take. Ta bar wannan, ta yi ta jan ta da hira har ta fahimci inda aka kwana: baƙo aka danna mata, wayar da aka sani kuma tana ƙasan rijiya. Da ta duba sai ta ga abin na gaggawa ne. Ashe akwai ƙa'ida a wurinsu: rumbun baƙon da shekararsa ta ƙare, aka kuma daɗe ba a leƙa shi ba, inji kan share shi don a samu wuri. Shekarar Goggo ta ƙare tun Ɗantala yana gobe-jibi, sharar kuwa cikin makon nan za ta bi. Larai ba ta san wanne ne na Goggo ba. Mai ikon tsayar da shara ya yi tafiya, wayarsa a kashe. Ta ce abin da zai faru ya faru, ta tsayar da sharar duk baƙin yankin Musawa da hannunta. Da mai ikon ya dawo ta sha faɗa, har aka ce mata saura ƙiris ta koma gida. Ta ce ta ji, amma dai a ba tsohuwar nan kwanaki. Aka ba ta.

Na biyu shi ne Shekarau, injiniyan da ya gina ƙofar da katangar. Mutum ne marar magana, in ya ce maka sannu ka ci riba. Tun ana haɗa Rumbu abokan aikinsa suka ce rumbun baƙo ya mutu tare da wayarsa, wa ya aike shi ƙin rajista? Shekarau ya kafe, ya ce mutanenmu waya ba ta daɗewa a hannunsu. Shi ya yi hanyar da za a iya ɗauko tsohon baƙo a haɗa shi da mai rajista, su zama mutum ɗaya. Larai ta matsa masa lamba, ranar kasuwar Musawa suka shigo mota tare, ya rungumo kwamfutarsa.

Kafin ya gama ɗora ta a teburin Ɗantala, Gambo ya iso da Goggo, rumfa ta cika. An ji baƙi sun zo daga Kano su fito da muryar Sarkin Maƙera. Mahauta, masu shayi, ladan, har surukin Ɗantala, Malam Jatau, ya dogaro sanda ya zo aka ba shi benci. Ɗantala yana ta kai da kawo, yana cewa, "Ku matsa, ku ba mu iska, aiki muke ni da abokan aikina."

Shekarau ya fara yi wa Goggo rajista ta gaskiya. Saƙo ya ƙi shigowa, ya zauna ya jira shi har ya shigo. Sannan ya ce, "Yanzu Rumbu ya san Mama. Saura ya san cewa baƙon da, ita ce. Ta wurin biya ba za a gane ba, duk garin nan daga asusu ɗaya aka biya. Muryar kuma a kulle take, mu ma ba ma ji, amana ce. Sai dai suna. Ina ganin sunayen, amma ba zan karanta na kowa a kasuwa ba. Ku faɗa, in duba."

Ya ɗago ya yi wa Ɗantala wani dogon kallo. Nan Ɗantala ya san mutumin nan ya ga komai.

Gambo ya ce a rubuta Tabawa. Babu. A rubuta matar Sarkin Maƙera. Babu. Idanu suka dawo kan lambar sirrin gari.

Ga gaskiyar abin: Ɗantala ya manta. Tsofaffin mata da yawa ya raɗa wa suna, duk sun cuɗe masa. Ya sunkuya ya raɗa wa Shekarau a kunne, "Gwada Goro Ya Ƙare." Shekarau ya rubuta, fuskarsa ko gezau. Sai ga rumbu ya fito, cike.

"Ita ce!" in ji Ɗantala da ƙarfi. "Ban gaya muku ba? Haɗa, malam, haɗa!"

Jama'a suka ɗauka, a haɗa, a haɗa. Shekarau ya janye hannunsa daga kwamfutar. Ya ce, "Mama, yaushe aka ɗauki muryarsa ta ƙarshe?"

"Bayan Babbar Sallah da kwana kaɗan. A ciki ma yana tsiya wai na soya naman layya ya yi tauri, alhali haƙoransa ne suka tafi."

Shekarau ya duba ya girgiza kai. "Wannan cikin azumi aka yi ɗaukarsa ta ƙarshe. Ba nata ba ne. In na haɗa, na ba Mama sirrin wata, na raba wata da nata, haɗin kuma ba ya warwaruwa."

Gambo ya harzuƙa, ya ce an zo ne a taimaka ko a yi musu wa'azi? Masu kallo suka fara guna-guni, wani ya ce 'yan birni sai iyayi. Shekarau bai mayar da hannunsa ba. Ya ce dai in la'asar ta yi zai kama hanya, shara kuma ba za ta tsayu har abada ba. Ɗantala ya sake raɗa wani suna, babu. Ya sake, babu. Gumi ya jiƙa masa hula. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fara laluben takalmanta.

Ta uku ita ce Hansai, matar Ɗantala. Abincin rana ta kawo masa, ta tarar da taro, ta tsaya gefe da kwano a hannu tana ji. Ita ta san sunan. Ranar da aka saita wayar Goggo, Ɗantala ya dawo gida yana dariya har tuwo ya shaƙe shi, ita ta bubbuga masa baya, ya faɗa mata abin da ya rubuta, ta ce Allah ya shirye ka. Yanzu ga shi in ta yi shiru ba wanda zai taɓa sanin ta sani. In ta yi magana, ta tsiraita mijinta a tsakiyar kasuwa, gaban mahaifinta, kuma da shi za ta koma gida ɗaya. Ta so ta raɗa masa a kunne, amma mutane sun yi masa zobe, ga Goggo har ta miƙe. Ɗantala ya hango ta, ya gane daga idonta cewa ta tuna. Ya yi mata alama da gira, shi kansa bai san ko faɗi yake nufi ko kar ki faɗa ba.

Hansai ta ajiye kwanon. Ta ratsa maza ta durƙusa gaban tsohuwar ta riƙe ƙafarta.

"Goggo, ki yafe mana tun kafin in faɗa, ni da uban 'ya'yana."

"Faɗi, 'yar nan. Ko zagi ne faɗi."

Hansai ta sunkuyar da kai. "Rediyo Ba Kashewa."

Shekarau ya rubuta. Rumbu ya fito. Ya duba ranar ƙarshe, ya ce, "Bayan Babbar Sallah." Ya danna abin da zai danna, ya miƙa wa Goggo wayarta da hannu biyu.

Ta taɓa na farko. Aka ji tari, aka ji ƙarar tabarma, aka ji wata mace tana ta zuba a bayan fage. Sai muryar Sarkin Maƙera ta fito tar, kamar yana zaune a bencin nan:

"Ke Tabawa, ki yi shiru mana in yi magana, ana ɗauka!"

Goggo ta fashe da dariya da kuka lokaci ɗaya. "Ka ji shi ko! Ka ji shi! To na ƙi in yi shirun!" Gambo ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Tsofaffin maƙera suka cire huluna da tsohon ya shiga kirarin gidansu. Ba wanda ya motsa har ya kai ƙarshe.

Daga nan bakin Goggo ya buɗe, ya rama duk shirun da ya yi. Ta sa wa Larai albarka, ta sa wa uwar da ta haife ta. Ta sa wa Shekarau, ta ce Allah ya ba shi mata mai magana. Ta ɗago Hansai ta rungume. Har Ɗantala ta ce, "Kai ma je ka, ɗan nema, na yafe. Ai ba ƙarya ka yi ba, mai gidan ma ga shi ya ba da shaida." Ɗantala ya ji sanyi har ƙafa, ya yi hamdala a zuci, ya ce ashe abin zai zo da sauƙi.

Sai Goggo ta murza wani zoben azurfa daga yatsanta, da ƙyar ya fita. Ta ce, "Mai gidan maƙerin baƙin ƙarfe ne, garma da lauje ya sani. Farin ƙarfe sau ɗaya ya taɓa shi a rayuwarsa, ya yi mini wannan. Yau an dawo mini da shi kansa, zoben ya zama na wanda ya dawo da shi. To amma ku uku ne, zobe kuma ba ya rabuwa."

Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce na Larai ne: ba don ta tsayar da shara da bakin aikinta ba, da Shekarau ya zo ya tarar da fili, da sunan da Hansai ta faɗa sunan iska ne. Wasu suka ce na Shekarau ne: shi ya gina hanyar tun ba wanda ya san za a bi ta, shi kuma ya tsaya shi kaɗai ya ƙi haɗa ƙarya lokacin da kasuwa duka ke cewa ya haɗa. Mata suka ce ku dai maza ba ku san komai ba, waɗancan aikinsu suka yi, gobe suna Kano, Hansai kuwa da mutuncin ɗakinta ta biya, kuma ba don bakinta ba da la'asar ta yi an watse hannu wofi.

Ana cikin haka Tanko mahauci, wanda tun ɗazu yake juya wayarsa, ya ce, "Malam injiniya, wai a ina ake ganin sunan nan? Ni ma nan aka saita mini."

Ɗantala ya ce, "Tanko, ana maganar zobe kana maganar..."

Shekarau, da yake ba ya ɓoye wa mutum abin da yake nasa, ya ce, "Danna can sama, inda aka zana kan mutum."

Wayoyi suka fito daga aljihu kamar an yi shela. Tanko ya karanta nasa a hankali: "Ƙashi Zalla." Ya ɗago. Mai shayi ya leƙa tasa: "Madara Ta Leƙa." Ladan ya ba na kusa da shi ya karanta masa, aka ce, "Zakara Ya Riga Ka." Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya, "Wace ce Goro Ya Ƙare? Ni?" Duk wanda ya ji na wani sai ya kwashe da dariya, in ya ga nasa sai dariyar ta tsaya. Ɗantala ya fara ja da baya yana laluben ƙofar bayan rumfa, ya manta ranar kasuwa buhunan wani yake ajiyewa a wurin, sun toshe ta.

Sai Malam Jatau, surukinsa, ya buga sanda a ƙasa. Aka yi shiru don girmansa. Ya zaro wayarsa daga aljihun 'yar ciki, ya danna inda aka ce, ya miƙa hannu cikin natsuwa.

"Malam Ɗantala, zo nan. Idona ya yi rauni, kai kuma ka fi kowa sanin rubutun. Karanta mini nawa, da ƙarfi, kunnen ma ba shi da kyau."

Ɗantala ya zo ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu. Ya duba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, yadda ya rubuta shi ranar da tsohon ya faɗo musu ziyara daidai lokacin kwasar tuwo karo na ba adadi: Sai An Sauke Tukunya. Ya dubi Hansai, ta kau da kai. Ya dubi Shekarau, yana naɗe wayar cajinsa. Kasuwa duka ta miƙo wuya.

"Baba," in ji Ɗantala, murya kamar ta sauro, "sabis ne ya ɗauke."

"Ba komai," in ji tsohon, ya gyara zama. "Mu jira shi."

To, mu bar shi nan a durƙushe yana jiran sabis. Goggo Tabawa har yanzu zobe na tafin hannunta, hannun kuma ya fara gajiya. Ku gaya mini, tsakanin Larai da Shekarau da Hansai, wa za ta miƙa wa?